Ƙaramar jif mai lantarki a ƙauye: wacce ce ba za ta wahalar da Inna ba?

Baban Hafsa: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema, kuma don Allah masu motar ko waɗanda suka taɓa shiga su fara magana kafin 'yan "na ji an ce" su iso. Ina so in sayar da tsohuwar jif ɗina, in haɗa da kuɗin riɗin bana, in sayi ƙaramar jif mai lantarki. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 ban sake ganin tankina a cike ba. Amma ba ma wannan ne ya fi damuna ba, Inna ce. Duk wata nake kai ta Asibitin Malam Aminu Kano wajen likitan ƙashi. Daga ƙauyenmu zuwa kwaltar Ringim akwai burji kilomita 12, zuwa da dawowa har da yawon cikin gari ina cin kusan 180. In muka dawo sai ta kwana biyu tana sallah a zaune. An nuna mini guda huɗu: BYD Atto 3, Hyundai Kona, MG ZS, da Volkswagen ID.4 'yar Chaina. Wacce ce ta fi taushi a baya, kuma wacce za ta zauna lafiya a ƙauye?

Kawu Direba: Wa alaikumus salam. Ɗana, garin da ake biyan naira 100 a shagon caji kafin waya ta cika, can za ka kai motar caji? Ko mai shagon zai ba ka lamba ya ce ka dawo da la'asar?

Baban Hafsa: Kawu na ce masu motar su fara.

Kawu Direba: Shekara 31 ina jan mota tsakanin Hadeja da Kano. Duk abin da ke da taya huɗu nawa ne.

Alhaji na Dawanau: Bari in shigo tunda Atto 3 nake hawa, wata goma sha ɗaya ke nan. Gidana na bayan Dambatta, kullum ina shiga Dawanau in dawo. Maganar taushi, gaskiya tana da shi. Shokazobarta mai laushi ce, tana haɗiye ƙananan ramuka ba ka ji ba. Kuma ƙasan kujerar baya shimfiɗe yake, babu tudun nan na tsakiya, don haka tsohuwa za ta iya jan ƙafa ta shiga ba sai ta ɗaga ba. Abin da zan gaya maka tsakani da Allah shi ne, irin wannan laushin a kan burji mai tudu da kwari yana sa mota lilo kamar kwalekwale in ka yi gudu. Ka rage zuwa 30 ko 40, shi ke nan.

Abin da ya fi ba ni mamaki ba taushin ba ne, shirun ne. Mahaifina kunnensa ya yi nauyi. Shekara da shekaru in muna mota sai dai in yi ta ɗaga murya kamar ina faɗa da shi. Ranar farko da na ɗauke shi a wannan, daga Dambatta har Kazaure muka yi hira da muryar zaure. Da muka sauka ya ce, "Yau dai ka yi mini magana kamar ɗan mutane."

Maman Walid: Allah sarki Baba. Allah ya ƙara masa lafiya.

Lakcara: Ni Kona ce da ni, mai batirin da ke ɗaukar yunit 64 na wuta. Ina son motata, amma Baban Hafsa in don Inna ne kada ka fara da ita. Motar direba ce. A gaba daɗi, sitiyari na jin magana, tana da ƙarfin da in ka taka sai bayanka ya manne da kujera, kuma ba ta cin wuta da yawa. Baya kuwa wurin yara ne. Tsakanin tayar gaba da ta baya mita 2.6 ne, na Atto 3 kuma 2.72. Kana ganin bambancin kamar ba komai, amma duk a gwiwar na baya yake ƙarewa. But ɗinta ma lita 332 ne, na Atto 440. In kana son batirin Kona da fili a baya, Kia Niro mai lantarki ka nema, kusan uwa ɗaya uba ɗaya suke, ita ce dai ta fi tsawo.

Ɗan Gujungu: Ku yi mana lissafi da buhu, lita ai ta man gyaɗa ce.

Alhaji na Dawanau: Buhun shinkafa mai kilo 50 guda uku na shiga tawa ba tare da na kwantar da kujera ba. Babban buhun gero kuwa ɗaya, sai ka yi dabara.

Lakcara: Wani abu da ya sa wasu ke ganin ƙimar Kona: ita ce aka fara haɗawa a nan gida. Kamfanin Stallion ya fito da ita a Legas a ƙarshen 2020, aka nuna ta a Abuja farkon 2021, lokacin Jelani Aliyu na shugabancin hukumar kula da ƙera motoci. Har tashar caji mai sola suka kafa a Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato.

Kawu Direba: To madalla. In cajinka ya ƙare a Taura sai ka tura ta Sakkwato.

Injiniya: Kawu na wasa amma a kan gaɓa yake. Baban Hafsa, ka ajiye maganar wacce mota tukuna, ka amsa mini wannan: a ina za ta riƙa kwana, kuma me za ta ci a can? Irin waɗannan motocin suna shan yunit 15 zuwa 18 a duk kilomita 100, ya danganta da gudu da esi. Tafiyarka ta asibiti yunit 30 ke nan ko sama kaɗan. Cajar da ke zuwa da mota, wadda ake sawa a soket ɗin gida, kilowat 2 da ɗan wani abu take ja. Wato kafin ta mayar maka da abin da ka ƙona a tafiya ɗaya sai ta yi awa 14 ko 15 a jone. Daga babu zuwa cikawa kuwa ya fi kwana guda. In ka kafa ta bango mai kilowat 7, dare ɗaya ya isa, amma wace wayar ƙauye ce za ta ɗauki kilowat 7 tsawon dare? Sau nawa ake kawo muku wuta?

Baban Hafsa: Taransifomarmu tun damina ta ƙone. Ana ta haɗa kuɗi gida-gida. Amma ina da sola a gida, fanel 4 da batir biyu, firji da fanka da talabijin.

Mai Sola: Yaya, wannan ta firji ce, ka bar ta inda take. Mota sai an yi mata tata. Ka sa fanel 12 masu wat 550, da inbata da za ta ɗauki nauyin. Ranarmu ta Jigawa in gari ya yi garau za ka samu yunit 25 ko fiye a wuni. Dabarar ita ce ka riƙa caji da rana kai tsaye, daga hantsi zuwa la'asar, kada ka ce sai ka tara wutar a batirin gida sannan ka juye wa mota da dare. In ka bi ta nan kuɗin batiran kaɗai sai ya sa ka fasa. Tunda kai ba ma'aikacin ofis ba ne, motarka na gida da rana, ka dace. Sai dai lokacin hunturu ka sa yaro ya riƙa goge fanel kullum da safe, ƙura na cinye wuta sosai.

Ɗan Gujungu: An zo wurin. Mai Sola ya ga kasuwa.

Mai Sola: Ko a wajen wani ya saya lissafin bai canzawa.

Injiniya: Ka ƙara da wayar ƙasa. Yawancin cajojin nan in ba su ji an binne ƙarfe a ƙasa an haɗa da wayarin gidan ba, jan fitila kawai za su nuna maka su ƙi aiki. Gidajenmu na ƙauye kuwa waya biyu ake ja a wuce wurin. Na ga wanda ya kwana uku yana zagin dila, ashe ƙarfen naira dubu kaɗan ne matsalar.

Baban Hafsa: Janareto fa? Ina da mai ɗan girma na injin ban ruwa.

Alhaji na Dawanau: Na yi sau biyu da tura ta kai bango. Tana caji, amma da na lissafa man da janareton ya sha, daidai yake da a ce Corolla na hau. An gudu ba a tsira ba. Na gaggawa ne kawai.

Maman Walid: Ni MG ZS nake ja, daga gida zuwa asibitin da nake aiki a Dutse, kilomita 20 da 'yan kai. Bari in faɗi abin da maza ba sa lura da shi. In za ka ɗauki tsohuwa mai ciwon baya, ba laushin kujera kaɗai ba ne. Ka duba tsayin kujerar daga ƙasa. Wadda ta yi ƙasa sosai, zama da sauƙi, tashi ne aiki. Wadda ta yi sama kuma sai an ɗaga ta. ZS ta yi daidai da tsayin ƙugun mace, juyawa kawai take yi ta zauna. Surukata da sanda take tafiya, amma ita kaɗai take shiga.

Na biyu, esi. Ranar asibiti ai ba tafiyar ce wahala ba, jiran ne. A motar fetur in ka bar esi a kunne kana jira, zuciyarka na kan gejin mai, ga hayaƙi ga zafin inji. A wannan kuwa na sha zama awa biyu a bakin makarantar su Walid cikin zafin Afrilu, esi na aiki, abin da ya sauka a batir bai taka kara ya karya ba. Inna za ta iya kwanciya a ciki har a kira lambarta.

Baban Hafsa: Wallahi Hajiya kin taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Wancan watan a kan tabarma ta kwanta ƙarƙashin bishiya tun 9 har azahar.

Maman Walid: Sai dai ka sani ZS ba ta kai Atto laushi a kan burji ba, na shiga duka biyun. Kuma kala biyu ce, tsohuwar mai batir 44 da rabi, sabuwar akwai mai 51 da mai 72. Tsohuwar za ta kai ka Kano ta dawo da kai, amma da addu'a a bakinka daga Ringim zuwa gida.

Bafillacen Jahun: Duk wannan zancen ban ji wanda ya ce komai a kan rairayi ba. Mu nan in ka sauka daga kwalta yashi ne har gwiwa.

Ɗan Gujungu: Ni zan ba da wannan labarin don a gabana aka yi. Ranar wata Lahadi ta kasuwa wani bawan Allah ya zo da irin motar nan, fara sol, ya ce zai yanke ta bayan gari don ya kauce wa cunkoson kara. Ya shiga yashi ya tsaya amsa waya. Da ya zo tashi ya taka ta da ƙarfi, ita kuwa ba ta san a hankali ba, nan take tayoyin gaba suka haƙa rami ta zauna a kan cikinta. Samari takwas suka kama, ko gezau. Wani ya ce a nemo tifa ta ja ta da igiya har kwalta, mai motar ya ce a'a, ba a jan ta haka. Ƙarshe shebur aka kawo aka yashe gabanta, aka rage iskar taya, aka shimfiɗa karan dawa, wani mai amalanke ya ɗaura bijimansa biyu suka fizgo ta taku goma. Yara na binta suna "motar caji ta sha ƙasa".

Bafillacen Jahun: Ka ji. Ƙarshenta dai sai da aka dawo wajen shanu.

Ɗan Barno: Fulani ba za su gane ba. Mu a Maiduguri tasi masu lantarki gwamnatin Zulum ta zuba a gari, mutane na hawa kullum. Ku kuna nan kuna lissafi da bijimi.

Bafillacen Jahun: Bawa ya samu waya. Ka gaishe da mutanen gidan, ka ce ubangidansu na gaisuwa.

Injiniya: Mai farar motar ya yi daidai da ya hana a ja ta zuwa kwalta. Taku goma a hankali ba komai, amma jan nesa da tayoyin da ke haɗe da injin lantarkin a ƙasa na iya lalata kaya masu tsada, don injin na juyawa yana haifar da wuta. Ɗora ta ake yi a bayan janwe. Sannan nauyi: Atto 3 ta kai kilo 1,700 da wani abu, ID.4 kuwa tan biyu ce. Batirin na shimfiɗe a ƙasan motar, shi ya sa ba ta tangaɗi a kwana, shi ya sa kuma dutse ko kututture a tsakiyar hanya ya fi rami haɗari. Atto tsayinta daga ƙasa santimita 17 da rabi ne. Sunanta jif, amma ba Hilux ba ce.

Baban Hafsa: ID.4 ɗin fa? Babu wanda ya ce komai. Ita ta fi cika mini ido, kuma dilan ya ce tana yin sama da kilomita 500.

Injiniya: A fili da kwanciya a kan kwalta ta fi sauran ukun, ba musu. Amma ka kula da abu biyu. Lambar da ake rubutawa a motocin kasuwar Chaina da ma'aunin can ake auna ta, kuma ma'aunin na da sassauci. Misali Atto 3 a can sunanta Yuan Plus, ana rubuta mata 510, batirin nan dai mai 60 a Turai 420 aka rubuta. Kai kuma da esi da gudun 100 da lodi, ka sa 330 zuwa 350 a ranka ka huta. Na biyu bakin caji. Na Chaina daban, na Turai daban, na Amurka daban. A gida ba matsala tunda da cajarta take zuwa. Ranar da ka je Abuja ka samu tashar caji mai sauri ne za ka tarar bakin bai shiga, sai da mahaɗi, shi ma ba arha ba. Wasu kuma allonsu da rubutun Chaina yake zuwa. Ka sa a kunna a gabanka.

Kawu Direba: To in ta lalace fa? Tawa in ta yi tari, Ƙofar Ruwa zan shiga in fito da kayanta a leda, yaron gareji ya ɗaura kafin la'asar.

Lakcara: Kawu abin lalacewar ne ba yawa. Babu juye, babu fulogi, babu salansa, babu bel. Birki ma ya daɗe bai cinye ba, don da ka ɗaga ƙafa injin ke rage gudu yana mayar da wuta batir. Shekara biyu abin da na saya taya ne da matatar esi. Taya kam tana ci, saboda nauyi.

Kawu Direba: Ban ce tari ba kaɗai. Ɗan acaɓa ya fasa maka fitila fa?

Lakcara: Nan kam ka kama ni. Sai an yi oda, a jira.

Malam na Kafin Hausa: Ni ba ni da ita, ƙanina ne ke da wata, ba zan faɗi sunanta ba don laifin ba nata ba ne. Ya tafi Umara ya bar ta sati uku kusa da rumbu. Da ya dawo ko ƙofa ta ƙi buɗewa, alhali ya bar babban batir a cike. Hankalinsa ya tashi, ya ɗauka miliyoyi sun tafi. Ashe akwai ƙaramin batir irin na kowace mota, mai bolt 12, shi ke tada komai, shi ne ya mutu. Rewaya ya zo da batirin Golf ya taɓa mata ta farka. Da aka buɗe gaba kuma sai ga ɓera ya yi ɗaki da ɓawon gyaɗa, ya fara gwaguyar wata waya. Allah ya taƙaita ba mai ruwan lemon ba ce.

Injiniya: Masu ruwan lemon nan ku gaya wa kowane rewaya kada ya kusance su. Wutar da ke ciki ta kai bolt 400, ba ta wasa ba ce.

Maman Walid: Ni tsorona gobara ne da farko, saboda bidiyoyin da ake turowa.

Injiniya: Tana faruwa, kuma in batir ya kama yana da wuyar kashewa. Hyundai ma sun janye Kona na farko-farko a 2020 da 2021 suka canza musu batir saboda haka, don haka mai sayen ta hannu ya tambaya ko an canza. Batirin BYD da na ZS mai 51 wani haɗi ne daban da ya fi jure zafi, kuma ana cika shi 100 kullum ba damuwa, na Kona kuwa an fi so ka tsaya a 80 in ba tafiya za ka yi ba. Amma mu da muka ga abin da fetur ya yi a Majiya a Oktoban 2024, ba ma ce mai ba shi da nasa haɗarin ba.

Malam na Kafin Hausa: Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu.

Baban Hafsa: Amin ya Allah.

Bafillacen Jahun: Amin. Ruwa fa? Kowa ya san yadda hanyoyin Ringim da Auyo suka zama a daminar 2022.

Alhaji na Dawanau: Batirin a rufe yake ruf, ruwan sama da kududdufi ba sa yi mata komai, ba ta da hancin shan iska da ruwa zai shiga kamar inji. Amma ruwan da ya kai ƙofa ban shiga da ita ba, ba kuma zan shiga ba. Ni shawarata Baban Hafsa, kada ka sayar da tsohuwar in kana da hali. Agusta da Satumba ka riƙa fita da ita, da ranar da tafiyar Kaduna ta taso ba shiri. Sauran wata goma ka hau ta caji. Kuma ka sayi safaya da jak, don yawancinsu ba sa zuwa da ita, wata 'yar kwalbar liƙi da famfo kawai ake ba ka. Ƙayar aduwa ba ta san wannan ba.

Wani abu kuma, ka riƙa leƙa ƙarƙashinta kafin ka tashi. Tunda ba ta ƙara, akuya ba ta san an kunna ba. Na taɓa ja baya a ƙofar gida sai ihun yara na ji, ɗan akuyar maƙwabciyata na kwance a inuwar taya. Da ƙyar ya sha. Yanzu sai na buga bodi sau biyu nake shiga, har almajirai sun sa mini Alhaji Ƙwanƙwasa.

Baban Hafsa: In ban sayar da tsohuwar ba kuɗin ba za su kai ba, balle ga fanel 12 a kai. Sai dai in jira kakar baɗi, ko in sayar da shanun fatauci biyu.

Kawu Direba: Ka sayar da shanun, wa zai fizgo ka daga yashi?

Maman Walid: Kafin ka sayar da komai, ka sa Inna a ciki tukuna. Bayan da ke ciwo nata ne, ita za ta faɗa maka. Mu duk bakinmu ne.

Alhaji na Dawanau: Haka ne. Yaushe ne ranar asibitin?

Baban Hafsa: Talata ta sama, ƙarfe 9.

Alhaji na Dawanau: Zan kwana Kano ranar Litinin in cika ta a gidan ɗana. Ka kawo Inna a motarka, in kun gama ni zan mayar da ita har ƙofar gida a tawa, kai ka biyo mu a baya. Ta ji kwaltar, ta ji burjin. Ka ce ta zo da matashin da ta saba jingina da shi.

Baban Hafsa: Alhaji wannan ɗawainiya ta yi yawa. Allah ya saka da alheri, ya ƙara wa Baba lafiya. Cajin zai kai ka ka dawo?

Alhaji na Dawanau: Zai kai har da saura. Ka dai tanadar mini fura.

Kawu Direba: Akwai wuri a gaba? Ba don komai ba, in ga inda za ta tsaya ne.

Alhaji na Dawanau: Akwai Kawu. Ka same mu a ƙofar asibiti bayan azahar.